Sun Ce Allurata Tak Kashe Manu

"Ku danne man shi da kyau," in ji Arzika. "In shina motsi maganin ba shi zama."

Samari biyu sunka danne kahwaɗun Manu, ɗaya yaz zauna bisa ƙahwatai mai lahiya. Ni ko ina tsaye bakin ƙohwa da ƙunshin kayana bisa kai, ko sallama ban ƙare ba. Arzika yat tsoma gashin kaza cikin wani baƙin magani awa kwalta, yash shahwa bisa cinyar. Cinyar nan ta kumbura ta koma awa goran da masunta ke hawa bisa gulbi, sai ƙyalli take. Gashin kaza kaɗai yat taɓa ta, amma yaron ga da ke ɗaga ƙato sama shi buga da ƙasa sai da yay yi ƙara awa akuya wurin yanka.

Nic ce, "Mi kunka yi ma jikana?"

Arzika ko waiwayowa bai yi ba. "Ige, daji ne. Aje kayanki ki sha ruwa, kin sha hanya."

Arzika ƙanen uban Manu ne, tsohon ɗan kokowa, kuma shi ne ubangidan 'yan kokowar unguwarsu can Argungu. Ni kakar Manu ce ta wajen uwa. Ɗiyata ta rasu ta bar shi bai kai yaye ba, ubanai yab bi bayanta ba da daɗewa ba. Ni nir raine shi nan Nasarawa, Birnin Kebbi, da kuɗin gumin shinkahwa, in turara ta in saida. Ba wanda yaz zo daga Argungu da ko ƙwaryar gero sa'ad da shike zawo da ƙyanda. Ranar da ƙirjinai yab buɗe, damtse yay yi damtse, ranar dangin uba sunka tuna suna da ɗa. Ɗan ɗiya mace kiwon akuyar wani ne, sai ta yi ƙiba mai ita shi zo da igiya.

Ina rubuta wanga ne don Argungu da rabin Nasarawa sun ce ni nik kashe shi, bakina kuma ya gaji. Da hurhura bisa kaina nik koyi rubutu, ajin manya. Wanda yag ga layina ya karkace shi yi haƙuri, maganar dai ba ta karkace ba.

Abin ya hwaro ne tun bayan yankan shinkahwa, lokacin da ake buɗe kokowa. Manu yaz zo gaishe ni, nig ga maruru bayan wuyanai, jajir, da baki hwari.

Nic ce, "Maigida, mi a wanga? Ko wanka ma ba ka yi, ka ce kana son in zauna da kai?"

Yay yi dariya. "Amarya, kishi kike. Wanga ƙarhi ne ke hitowa. Dut yaran Baffa ba wanda ba shi da shi. Baffa ya ce magani ne ke koro mugun jini waje." Sannan yas sa hannu cikin kwanon tuwona. "Ke dai yaushe za ki mutu mu sha gumba? Kin tsare muna hanya."

Haka muke da shi. Nir rakka shi da muciya har ƙohwa.

Maganin da shike hwaɗi, wata randa ce bayan zauren Arzika. Saƙe-saƙi da sassaƙen itace ne jiƙe a ciki, ruwan ya yi baƙi, da soso guda rataye ga bakinta. Kowane ɗan kokowa, kahin wasa da bayan wasa, da soson nan zai goge jikinai, shi matse shi cikin randar, shi miƙa ma na baya. Ba a zubar da ruwan, ba a wanke randar. Wai tun ta uban Arzika ce, in an zubar an zubar da ƙarhin gidan. Ƙara mata ruwa kawai ake. Kuma hwarkon kaka Arzika kan jera su shi yi musu tsaga ga damtse da cinya da aska guda, shi cusa magani. Na san da wanga duka. Kowa ya sani. Abin alhwahari ne ma.

Na wuya yah hwashe yaw warke, wani yah hito ga cinya, can sama kusa da matsematsi. Sai ga babbar kokowa ta zo, an aza rago. Abin da samarin sunka gaya man daga baya, Manu ya ce ma baffanai cinyar na zogi har cikin ƙashi. Arzika yat tsaga marurun da askatai, yam matse, yaɗ ɗaure da tsumma, yac ce, "Makaɗa na kiran Na-Ige, kai kana kiran maruru? In mace ce kai in kai ka ɗaki." Na-Ige shi ne kirarin da makaɗa ke yi mai, da sunana.

Yash shiga. Abokin karon nai ba makaho ba ne, ya ga tsumma. Nan yad dinga kai gwiwa, nan yad dinga sarƙe ƙahwa. Duk da haka Manu yak kada shi. Anka ɗauki Manu bisa wuya, anka jawo rago har gidan Arzika. Bai ƙara kwana biyu ba zazzaɓi yak kada shi shi ma.

Ba wanda ya aiko man. Wata mai saida busasshen kihi tac ce da ni cikin kasuwa, "Ige, ya mai jiki?" Nic ce wane mai jiki? Ta nan nij ji, ya hi sati kwance.

Satin da niy yi gidan Arzika ina jinya, ban taɓa ganin gari mai likitoci awa Argungu ba. Kowa yash shigo da nashi. Wani ya ce sammu ne, abokin karo yab binne mai layu ga hili. Wata ta ce iska ce ta gulbi. Anka kawo rubutu, anka kawo hayaƙi har yaron na shaƙewa, anka kawo kashin shanu da kanwa a shahwa. Wani mai kemis yab ba da kafso ja da baƙi, Arzika yac ce wanga an yarda, tunda haɗiya ake. Manu ya sha har kwali yaƙ ƙare, awa an ba shi tsakuwa.

Jikinai ko, in ka aza hannu awa murhun gumi. Can kuma sanyi shi kama shi, haƙora na kaɗawa, bargo biyu ba su isa ba. Hitsarinai yak koma kaɗan, ja awa shayi. Ba shi cin komi, kunu ma sai in ɗura mai da ludayi shi maido. Cinyar ba ta yi baki ba balle ta hwashe, ciki take ci. Da zazzaɓin ya hau sai shi dinga kokowa da bango, shina kiran makaɗa su ƙara.

Nic ce ma Arzika, "A kai shi asibiti."

Yac ce, "Ige, girmanki nike gani. Daji ba shi son allura, yaro ƙarami ya san haka. Ranar da ƙarhe yash shiga jikinai, ranar za mu haƙa rami."

Nic ce, "Askar da kat tsaga shi da ita hwa, ta kara ce?"

"Wagga ta gado ce."

Matatai Hantsi tana tankaɗe, tac ce, "Ikon Allah. An shiga aji da sanda, an hito likita. Inna Ige, ke da kinka iya rubuta sunanki jiya, yau kin hi masu ɗa sani?"

Nic ce, "Masu ɗa suna ina sa'ad da nike wanke mai kashi?"

Daga ranar ko ruwan zahi nir roƙa sai ta ce itace ya ƙare.

Abin da yah hi ci man rai, shi kanai Manu ya yarda da su. Wata sahiya hankalinai ya dawo, yab buɗe ido yag gan ni.

"Amarya, kin zo ki gani ko na riga ki?"

"Mijin banza, tashi ka ba ni kuɗin cehwane."

Yay yi murmushi, sannan yar riƙe man hannu, hannun na zahi. "Kar ki bari su yi man allura. Baffa ya ce wani ɗan garin Gulma haka yat tahi."

Nij jawo bargo nir ruhe shi.

Ranar da nig ga ƙananan ƙuraje masu ruwa sun hito mai ga ciki da ƙirji, idonai ya hwaɗa, niy yanke shawarata ni kaɗai. Arzika ya kwashi samarinai sun tahi wani ƙauye wasa, don kokowa ba ta tsaya ba don Manu na kwance. Nit tahi tasha niy yi shatar mota. Direba da yaron motatai sunka ɗauko shi cikin tabarma. Hantsi tar riƙe ƙohwar mota tana kururuwa, mata sunka hito.

Hantsi tac ce, "Sata za ki yi? In yam mutu jininai na wuyanki!"

Nic ce, "Na ɗauka. Saki ƙohwa ko in haɗa da yatsunki."

Kowane rami na hanyar nan daga Argungu zuwa Birnin Kebbi sai da Manu yaƙ ƙirga shi da nishi.

Asibiti kuma ga layi awa na rabon taki. Niz zo wurin mai yankan kati, ko ɗaga kai bai yi ba, yac ce, "Hajiya, bi layi, kowa da maras lafiya ya zo." Ban yi gardama ba. Nis sa anka shimhiɗe Manu ƙasa gaban tagatai, niy yaye zanen. Wari yay yi man magana. Layi yad dare biyu.

Allah shi yi ma Sista Rahila albarka. Kirista ce, 'yar wajen Filato, tana zaune unguwar Badariya, ta daɗe tana sayen shinkahwa wurina tana ce man muduna bai cika ba. Ita tag gane ni. Tad dubi cinyar sau guda, tac ce, "Yesu! Mama, wannan ba na layi ba ne." Ita tat turo gadon nan mai taya da kanta.

Likitan yaro ne, bai girmi Manu da yawa ba. Yat taɓa, yad danna, yad dube ni. "Mama, me ya sa sai yanzu?"

Nic ce, "Tambayi maza."

Yas soka doguwar allura can cikin naman cinyar, yaj jawo. Mugunya tac cika ta, rawaya da jini-jini. Yan nuna man. Abin da yag gaya man ban manta ba, don sai da nis sa yam maimaita. Ya ce ba daji ba ne, ba sammu ba ne. Wata ƙwayar cuta ce, sunanta sitaf, mutane da yawa na yawo da ita ga hanci da hwata ba ta yi musu komi. Amma cikin danginta akwai mai dahi. Ita wagga, sojojin da ke cikin jini masu yaƙi da cuta, su take hwara kashewa, gawarsu ce ke zama mugunya. Ya ce ba ruwanta da ƙarhin mutum, ta hi ma son samari majiya ƙarhi masu gogayyar jiki, masu soso guda, tawul guda, aska guda. Yat tambaye ni ko akwai wasu masu maruru inda shike kwana.

Nic ce, "Gida guda cur, har da randarsu." Nib ba shi labarin randar. Yaɗ ɗora hannu bisa kai.

Ya ce dole a shiga da shi ɗakin tiyata a buɗe cinyar a kwashe, a sa mai magani ta jijiya, kuma ko an yi bai yi man alkawali ba, don cutar ta riga ta shiga jini. Sai wani nashi ya sa hannu.

Kahin a gama shiri sai ga Arzika da dattijai biyu, babbar riga na jan ƙasa. Nan cikin baranda, gaban jama'a, yan nuna ni da yatsa.

"Wagga tsohuwa ta sace man ɗa. Likita, kar ka taɓa shi da ƙarhe. Cinyar ɗan kokowa za ka tsaga? In ya tashi da mi zai ci abinci?"

Likita yac ce, "Baba, in ba a tsaga ba, ba zai tashi ba. Wa zai sa hannu?"

Arzika yan naɗe hannuwa cikin riga. Dattijan sunka dubi silin. Nic ce a ba ni biro. Harahi uku ne sunana, na daɗe ina jan su, amma sun hito.

Manu na jinmu. Da anka zo tura shi, yaj juyo da kai. Bai ce amarya ba. Yac ce, "Ige, na roƙe ki. In na tashi gurgu ban yahe maki ba."

Tun da yah hwara magana bai taɓa kiran sunana gatsau ba sai ranar.

Abin da sunka kwaso daga cinyar nan ya cika kwanon sha babba, Sista Rahila ta nuna man. Sunka bar ramin buɗe, kullum a cusa auduga a zaro. In za a yi wankin, sai in hita in toshe kunnena bayan taga. Arzika bai kwana ba, ya koma Argungu ranar, ya ce shi ya wanke hannunai.

Satin hwarko na asibiti ya yaudare ni. Zazzaɓi yas sauka kaɗan. Rana ta uku ko ta huɗu yac ce shina son hura. Nid dama mai, yash sha rabin ludayi, yad dube ni ta wutsiyar ido.

"Amarya, nono ya yi tsami. Rowa kike ma mijinki."

Nij juya baya don kar shi ga idona. Nic ce, "Wanda bai yahe man ba shi ke son nono mai daɗi?"

Yac ce, "Sai na ga ƙahwar ta taka tukuna."

Komi na asibitin nan saye ne. Safar hannu saye, auduga saye, ruwan da ake ratayawa saye, robar da ke kai shi jijiya ita ma saye. Su rubuta 'yar takarda su miƙo maka awa kana da rijiyar kuɗi bayan ɗaki. Awakina sunka tahi. Shinkahwar da nit tara daga Zauro don gumin rani tat tahi, da araha, don masu saye sun ji ƙanshin matsuwa. Anka ce jininai ya yi ƙasa, a kawo masu ba da jini. Ni aika Argungu. Samarin nan masu ƙirji awa ƙohwar gari, waɗanda sunka ɗauke shi bisa wuya, ko ɗaya bai zo ba. Arzika ya ce wanda anka ɗibi jininai ba shi ƙara kada kowa. Mijin Sista Rahila, makanike ne, shi yab ba da leda guda, bai taɓa ganin Manu ba. Direban da yak kawo mu yab ba da ta biyu, ya ce shi ma ya taɓa cin kuɗi bisa kan Na-Ige.

Sai ga sakamakon mugunyar da sunka kai gwaji ya hito. Likita ya ce irin wadda Manu ke da ita ba ta jin maganin da anka hwara da shi sosai, sai an canza wani, mai tsada. Ni aika ma Arzika shi saida ragon da Manu yac ci da cinyatai. Amsar da tad dawo: rago na gida ne, ba na yaro ba. Nis saida tukunyar gumina, babbar, wadda nir raine shi da ita.

Maganin ya zo, amma tari ya riga shi.

Da hwarko ɗan tari ne busasshe. Kahin rana ta juya lumhwashinai ya koma sama-sama, awa wanda yay yi gudu. Yat tohwa cikin tsumma, nig ga kumhwa ja. Anka sa mai robar iska ga hanci. Likita yaj ja ni gehe yac ce dahin ya kai huhu, shina cin shi awa gara cikin zana. Nic ce a tsaga nan ma a kwashe. Yag girgiza kai. Yaron kirki ne, bai ɓoye man ba, kuma bai gudu ba, kullum sai ya zo ya tsaya. Amma rannan da tukunyar iskar da anka haɗa mai taƙ ƙare, sai da nib bi ofis uku ina roƙo kahin a kawo wata, wani ma'aikacin ma cin abinci shike yac ce in jira shi wanke hannu. Shi ma ban manta da shi ba.

Ranar ƙarshe, da hantsi ne. Ina goge mai baki, yaj jawo robar daga hancinai. Sai da nik kai kunnena.

"Amarya... kin cuce ni. Ke za ki sha gumbata."

Nic ce, "Rufa man baki, ni ba ni shan gumbar yara."

Yay yi abin da yay yi kama da dariya, jini yab biyo. Nil laƙƙana mai kalmar shahada, leɓenai ya motsa. Sista Rahila ce taz zare robar, tar ruhe mai ido, tana kuka tana ce man, "Mama, sannu, Mama, sannu." Ni ban yi kuka ba sai da nig ga tahin ƙahwatai ya leƙo ƙarƙashin zane, da kaushin hilin kokowa bai ko goge ba.

Gawa ta dangin uba ce, nan ba su yi nawa ba. Mota taz zo da wuri. Argungu anka kai shi. Ina cikin gida wurin mata ina jin muryar Arzika daga zaure, duk wanda yaz zo gaisuwa da abin da shike tarbarsa: "Mun hwaɗa mata. Sati biyu shina hannuna da rai. Sati guda da 'yan kwanaki hannun masu allura, ga shi nan." Mutane na cewa, "Allahu akbar, daji da allura." Ranar sadaka anka yanka ragon. Hantsi tat turo man ƙwaryar gumba da ƙahwa, tac ce, "Sha, Inna. Ke kinka nema."

Ban sha ba, ban kuma zubar ba. Niɗ ɗauko mayahina nid dawo gida.

Maganar ta riga ni isowa Nasarawa. Matan da munka yi shekaru muna zaman biki tare sunka dinga shiru in na shigo. Wata tac ce man, don Allah wai nasiha take, "Ige, ki yi ta istigfari, boko ne yar ruɗe ki." Yara na bina a lungu suna "Ige mai allura." Na jehi ɗaya da takalmi, na same shi kuma.

To ku ji, ku masu 'ya'ya da jikoki. Maruru guda ba komi ba ne, kowa ya yi. Amma in shina warkewa wani na hitowa, in ya bi gida ko ɗakin samari daga wanga zuwa wancan, in ya zo da zazzaɓi, in nama na zogi can ciki ya kumbura ba baki, kar ku tsaya jiran shi nuna. Kar ku matse, kar ku ba mai aska. Kowa shi riƙe sosonai da sabulunai. Allura ba ta kashe Manu ba. Sati biyun da yay yi ana shahwa mai kwalta da gashin kaza, su sunka kashe shi, allura ta ishe gawa ce tana lumhwashi. Wanda yaj ji haushi shi zo Nasarawa, gidana ba shi da ƙyaure.

Ba a yi wata biyu ba, wata Juma'a maza na masallaci, nij ji sallama ƙasa-ƙasa. Hantsi ce. Bayanta ga autanta Bello jingine da bango, wanda anka ba ɗamarar Manu da layunai. Hannunai na dama a sagale awa reshe, ƙarƙashin hammata ya kumbura, idonai jajir da zazzaɓi.

Tac ce, "Inna, kwana biyu ke nan. Malam bai san mun taho ba. Ke kin san ƙohohin wurin."

Ina tsintar tsakuwa cikin 'yar shinkahwar da zan dahwa. Ban ce ta shigo ba. Nib bar ta cikin rana sai da nig gama tire guda.

Nic ce, "Ai daji ba shi son allura."

Tad durƙusa.

Nic ce, "Akwai sauran gumba gidanku, ko in daka maki?"

Tas sa huska cikin mayahi. Bello yac ce, "Kaka, don Allah," da irin muryar da ban so in ji ba. Nit tashi nis sa takalmina. Ba don ita ba.

Sista Rahila na ganina tac ce, "Mama, wani kuma?" Nic ce daga randa guda. Wanga karon ba mu tsaya wurin mai kati ba. Da anka zo sa hannu Hantsi tad dube ni, nik karɓi biron. Sunka tsaga, sunka kwashe, abin bai kai cikin ludayi biyu ba. Tun da an san irin cutar, maganin da yad dace anka hwara da shi. Sati guda Bello na zaune shina cin tsire bisa gadon da ke kallon wanda Manu yam mutu bisa shi. Ya koma gida da tabo awa tsawon yatsa.

Likita yac ce in gaya ma mai randar a zubar da ita, a ƙone soson, a kawo sauran samarin a duba su. Nic ce ba shi ji. Yac ce in dai gwada.

Shekaranjiya nit tahi Argungu. Ni ishe Arzika zaune ƙohwar zaure cikin mutane, ya ɗaga hannun Bello shina nuna musu tabon.

"Kun gani? Shi wanga sai da nis shahwa mai maganin kwana biyu, dajin yam mutu, sannan mata sunka sace shi. Allura ta ishe ba abin da za ta tada. Da an bar man Manu haka."

Sunka ce, "Ƙwarai, Malam."

Nih hwaɗi saƙon likita da ƙarhi, kowa ya ji. Wani yac ce, "Tsuhwa dai ba ta yi ba." Sunka yi dariya. Hantsi na tsaye bakin ƙohwar cikin gida, nid dube ta, tad dubi ƙasa.

Niz zagaya bayan zauren. Randar na nan. Wani sabon yaro da ban sani ba, dogo, shina tsaye ba riga, da ɗan ƙurji ja ga kahwaɗa. Ya gama goge jikinai, yam matse soson ciki, yam miƙa ma na bayanai.